NOTIN TAYA: A ƊAURE DA AWO, KADA A SHAFA GIRIS

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, lokacin ɗaukar kaya kuma ya zo. Daga yanzu har bazara motocin ƙungiyoyinmu da na haya ba za su huta ba. Gero da dawa da wake za su fito daga ƙauyukan Kebbe zuwa Tambuwal, in rani ya yi nisa albasa da shinkafar fadama su biyo baya, a nufi Sakkwato da wasu, wasu kuma Aliero da Jega. A bisa buhunan nan mutane ke zama: mai kaya, da matarsa, da yaron da aka aika ya tsare ciniki. Dukan wannan nauyi yana kan taya huɗu, kowace taya kuwa noti 4 ne, ko 5, ko 6, ke riƙe da ita.

A taron ƙungiya mukan daɗe muna gardama a kan kuɗin mai da kuɗin sabuwar taya. Maganar noti ba ta shiga lissafi, domin ba shi da tsada, kowa kuma yana ganin ya iya ɗaure shi. Amma akwai al'adu biyu da suka zauna a tashoshinmu da wurin masu faci, dukansu kuwa da kyakkyawar niyya ake yin su. Ta fari, a lakato giris ko baƙin mai a shafa wa ƙusar taya domin kada tsatsa ta kama ta. Ta biyu, a zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, yaron mota ya hau ya yi tsalle har noti ya yi ƙara. Mai yin haka yana tsammani ya ƙara wa taya tsaro ne. Alhali kuwa da yawa daga cikin ƙusoshin da ke karyewa a hanya tun a wurin ɗaurin aka kashe su.

ABIN DA KE RIƘE TAYA

Mu fara da abin da kowa ya sani. In za ka ɗaure buhu a bayan babur da robar tsohon tib, sai ka ja ta ta miƙe. Miƙewar nan ita ce ke riƙe kayan. In ba ka ja ba, buhu zai yi ta zamewa. In ka ja ta fiye da ƙima, sai ta saki jiki, ba za ta sāke komawa yadda take ba, ko kuwa ta tsinke a tsakiyar hanya.

To, ƙusar taya ma haka take, sai dai ita ƙarfe ce. Sa'ad da ka juya noti, ƙusar tana miƙewa kaɗan, kamar kaurin silin gashi guda, ido ba ya gani. Tana ƙoƙarin komawa tsawonta, shi ne take matse rim a jikin mazauninsa. Ƙusa mai kaurin milimita 12, irin ta yawancin ƙananan motoci, in an ɗaure ta daidai tana matsewa da ƙarfin da ya kai wajen tan 4, watau nauyin buhu 40 na kilo ɗari ɗari. Ƙusa biyar, wajen tan 20 ke nan. Wannan matsi shi ke sa rim da mazauninsa su zama kamar ƙarfe ɗaya.

In matsin ya ragu, rim zai fara motsi kaɗan kaɗan. Kowane juyi na taya sai ya bugi ƙusoshin, ramukan rim su fara faɗi suna komawa kamar ƙwai, ƙusoshin kuma suna lanƙwasa gaba da baya. Wanda ya taɓa tsinka waya da hannu ya san ba da ƙarfi ake yi ba, da maimaitawa ne. In ɗaya ta karye, nauyinta ya koma kan sauran, su kuma ba su daɗewa. Tsofaffin direbobi za su tuna Peugeot 404, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Noti uku ne kawai a kowace tayarta, saboda haka mai 404 ba ya wasa da ko guda, gama in ɗaya ya tafi sulusin tsaronsa ne ya tafi. Yawan noti a motocin yanzu ya sa mun yi sake, har za ka ga akori-kura cike da kaya tana tafiya da ƙusa ɗaya a karye wata da watanni.

INA ƘARFIN HANNUNKA KE TAFIYA?

Nan ne maganar giris ta shigo, kuma ina roƙo a karanta wannan wuri a hankali.

Ba dukan ƙarfin da ka sa a sifana ke zuwa ga miƙe ƙusa ba. Injiniyoyi sun daɗe da auna wannan. A ƙusa busasshiya mai tsabta, wajen rabin ƙarfin yana ƙarewa ne a gogayyar fuskar noti da rim. Wajen kashi 40 cikin ɗari yana ƙarewa a gogayyar zare, watau wannan tsagi mai murɗewa da noti ke bi. Abin da ya rage, wajen kashi 10 kacal, shi ne ke miƙe ƙusa. Masu ƙera mota sun san haka. Da suka rubuta ƙarfin da za a ɗaure noti da shi, sun riga sun cire rabon gogayya, kuma a ƙananan motoci lissafin nasu na busasshen zare ne.

Yanzu sai ka shafa mai. Gogayya ta ragu, noti yana sulɓi. Hannunka yana jin nauyi iri ɗaya da na jiya, amma rabon da ke isa ga ƙusa ya ƙaru. Da baƙin mai, tan 4 ɗin nan yana iya zama 5 da rabi. Da giris mai sulɓi ƙwarai yana iya kusantar tan 7. Ƙusa mai milimita 12 kuwa, ko ta ƙarfe mai kyau ce, daga wajen tan 7 zuwa 8 take fara miƙewar da ba ta komawa. Ta jabu ba ta kai nan ba. Ka ga ke nan giris kaɗai, ba tare da kowa ya yi tsalle ba, ya isa ya kai ƙusa bakin iyakarta. Ko sifana mai awo ba za ta cece ka a nan ba, domin ita juyi take aunawa, ba ta san abin da ke faruwa a cikin ƙarfen ba.

Akwai ɓarna ta biyu. Bakin ramin rim, inda noti ke zama, yana lotsewa in matsi ya yi yawa, noti ya rasa mazauni mai kyau. Sa'an nan gogayyar da ka kashe da giris ita ce ke hana noti juyawa baya in mota tana girgiza, hanyoyin ƙauyukanmu kuwa ba sai na faɗa muku irin gargadarsu ba. Shi ya sa littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinta ya yi gargaɗi a fili kada a sa mai ko giris a ƙusa ko notin taya, na Volkswagen ma haka. Ba su haɗa baki ba, lissafi ɗaya ne ya kai su.

Mai faci zai ce maka, "Alhaji, in ban shafa ba, damina ɗaya tsatsa za ta cinye shi, ranar da taya ta yi faci a daji ba mai iya kwance shi." Damuwarsa gaskiya ce, motar da ke ratsa fadama da kududdufi ƙusoshinta suna tsatsa. Amma maganin tsatsa burushin waya ne. Duk lokacin da aka cire taya, a goge zaren sarai, a share da busasshen tsumma. In noti ya riga ya kafe, ba laifi a ɗiga masa kananzir ko man kwance tsatsa, a ba shi lokaci ya sha, a kwance. Bayan haka a wanke, a share, a bari ya bushe kafin a mayar. In rim ne ke mannewa, ana iya shafa giris ɗan kaɗan a da'irar tsakiya, inda babban ramin rim ke shiga, amma kada ya taɓa zare, ko mazaunin noti, ko fuskar da rim ke kwanciya a kai. Kuma a gaskiya, yawancin notin da ke ƙin kwancewa a daji ba tsatsa ce ta riƙe su ba, ɗaurin bututu ne.

SAI DAI MANYAN MOTOCI

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya kai wa direban tirela, domin a can doka ta bambanta. Manyan motoci na zamani masu ƙusa 10 suna da noti mai wasa a manne da shi, wadda ke juyawa ita kaɗai. Irin wannan noti masu ƙera shi da yawa sun ce a ɗiga masa ɗigon mai a zare da kuma tsakanin noti da wasar, ban da fuskar da ke taɓa rim, kuma lissafinsu na zare mai mai ne. In aka ɗaure shi a bushe da tsatsa, ƙarfin zai ƙare a gogayya, ƙusa ba ta miƙe yadda ya kamata ba.

Ƙasar Japan ta ga wannan da idonta. Ma'aikatar sufurinta tana ƙirga tayoyin da suka fice daga manyan motoci, kuma daga 2019 zuwa 2023 babu shekarar da adadin bai wuce 100 ba. Kusan dukansu tayoyin baya ne na hagu, da yawa kuma ba su daɗe da canjawa ba. Cikin abin da bincike ya gano akwai noti masu tsatsa da ba a goge ba, ba a kuma ɗiga musu man da ya kamata ba, da rashin sāke ɗauri bayan an yi 'yar tafiya. Wannan ƙasa ce mai kyawawan hanyoyi da ƙwararrun makanikai. Saboda haka dokar ita ce a bi abin da mai ƙera motar ya rubuta: inda ya ce a bushe, a bushe, inda ya ce ɗigo, ɗigo. In ba ka da littafin, motarka kuma ƙarama ce, ko bas, ko akori-kura, to a bushe.

YADDA ZA A AUNA

Ana rubuta ƙarfin ɗauri da haruffa biyu, Nm. Ma'anarsa ba wuya. In ka rataya kilo 1 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1, juyin da ya yi ya kusa Nm 10. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin Nm 85 da 140. Corolla da 'yan'uwanta da yawa Nm 103 ne. Yawancin Golf 110 ne ko 120, gwargwadon ƙirarta. Notin tirela kuwa wajen 600 ne ko fiye.

Yanzu mu lissafa abin da yaron mota ke yi. Sifanar da ke zuwa da mota tsawonta wajen santimita 30 ne. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshenta, ba tsalle, ya ba da Nm 200 da 'yan kai, ninki biyu na abin da Corolla ke bukata. In aka zura bututu mai mita 1, ya kusa Nm 700. Watau an ɗaure notin ƙaramar mota da ƙarfin notin tirela, tun ba a yi tsalle ba, tun ba a sa lissafin giris ba. Masu ƙera mota da gangan suka gajarta sifanar nan. Bututu na kwancewa ne, in ya zama dole. Bindigar iska da wasu masu faci na birni ke amfani da ita, ita ma haka: tana da daɗin kwancewa, amma in ba a kula ba tana zarce awo.

Abin da ya fi shi ne sifana mai awo, wadda ake saita ta a kan lamba, in an kai ta yi ƙas, sai a tsaya. Mutum ɗaya zai ga tsadarta, amma ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki da na injin ban ruwa za ta iya sayen guda ta ajiye wurin ma'aji. Ba a kwance noti da ita, ba a jefar da ita a bayan mota, in an gama a mayar da saitinta ƙasa.

Kafin a samu, ga dabarar da ta fi hasashe nesa, kuma kayanta suna ɗakin ajiyar kowace ƙungiya. Direba ya hau sikelin da muke auna buhu ya san nauyinsa. Sa'an nan ya ƙara sifili ɗaya a bayan lambar Nm ta motarsa, ya raba da nauyin nasa. Abin da ya fito santimita ne. Misali, Nm 103 ya zama 1,030, a raba da kilo 70, an sami wajen santimita 15. Mai kilo 60 zai sami 17. Sai a auna wannan nisa daga tsakiyar noti zuwa kan hannun sifana, a yi alama da fenti. Mota tana ƙasa, an ja birkin hannu, an sa duwatsu. A kafa sifana hannunta yana kwance sosai ta wajen dama, direba ya ɗora tsakiyar tafin ƙafarsa a kan alamar, ya dafa mota da yatsu don kada ya faɗi, ya saki nauyinsa a hankali. In hannun ya sauka, a mayar da shi kwance a sāke, har ya daina motsi. Ba tsalle, ba girgiza. Alamar ta mai nauyin ce shi kaɗai, kada ƙaton ƙanensa ya zo ya taka ta.

TUN DAGA FARKON ƊAURI

Awo ba zai yi amfani ba in akwai datti a tsakani. Laka ta bushe a bayan rim, ko yashi, ko ɓawon tsatsa, ko sabon fenti mai kauri, duk za su karɓi matsin da fari, sa'an nan su murƙushe a hanya su bar noti sako-sako ko da bai juya ba. A kankare fuska biyun kafin a ɗora taya.

Kowane noti a fara shi da yatsu. Lafiyayyen noti a kan lafiyayyar ƙusa yana tafiya da hannu har ya kusa rim. In ya cije a wuri ɗaya kullum, ko zaren ya yi sirara a tsakiya, ƙusar ta miƙe ko ta ci zare, a canja ta. In ɗaya ta karye saboda ɗauri, ni shawarata a canja dukan na wannan tayar, gama hannu ɗaya ne ya ɗaure su. Kada kuma a bi noti a jere kamar ana zagaya rumbu. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa na gabansa can ɗaya gefen, a yi ta haka har a gama, da fari a hankali mota tana kan jak, sa'an nan a sauke ta a cika awo. Bin jere yana sa rim ya zauna a karkace.

A duba siffar noti kuma, musamman yanzu da rim na gwanjo ya yi yawa a kasuwa. Wani noti bakinsa tsini ne kamar mazurari, na Golf zagaye ne kamar gindin ƙwarya, na wasu rim ɗin alminiyam na Toyota kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai wasa. Kowanne da irin ramin da aka yi dominsa. In aka haɗa wanda bai dace ba, a ido ya zauna, amma a bakin layi ɗaya siriri yake taɓawa. Mai tsini kuma tsininsa ne ke fuskantar rim. Na sha ganin an juya shi baya a tasha.

Masu tsofaffin Canter da Dyna da irinsu su lura: a yawancinsu ƙusoshin gefen hagu zarensu na hagu ne, akan buga harafin L a kan ƙusar ko notin. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana tsammani kwancewa yake yi, har ya kira bututu.

Sauran abu guda, shi ne wanda aka fi mantawa. Bayan an canja taya, ƙarfe yana ƙara zama da ƙarfe, matsi ya ɗan ragu. Saboda haka a sāke bin notin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Wanda ya canja taya a Tambuwal ya nufi Sakkwato, ya tsaya wajen Shagari ya gwada su. Wanda ya fito daga cikin Kebbe da kaya, ya gwada su in ya hau kwalta. Ba a kwancewa, ɗora sifana kawai ake yi a ga ko akwai wanda zai motsa. Tarakta da tirelarta, da amalanken shanu mai ƙafar tsohuwar mota, su ma suna bukatar wannan, tarakta ma ta fi, in sabuwa ce ko an sāke faɗin ƙafafunta domin kunya.

Da safe kafin a yi lodi, direba ya zagaya. Jan layin tsatsa da ya fito daga gindin noti ya nufi waje alama ce rim yana motsi. Haka kuma ƙarfe mai sheƙi a kewayen noti, ko ƙara ƙwas ƙwas da ke bin juyin taya tana ƙaruwa a kwana, ko sitiyari yana rawa ba dalili. Wanda ya ji haka ya rage gudu a hankali ya tsaya nan take, kada ya ce bari a kai gari. Ƙungiyar da ke da motar kanta ta ɗauki farin fenti, bayan ɗauri na biyu ta ja ɗan layi daga kan kowane noti zuwa jikin rim. In layin ya rabu, noti ya juya, ko yaro ɗan firamare zai gani. Magatakarda kuma ya buɗe shafi a littafin mota ya riƙa rubuta ranar da aka cire kowace taya, da wanda ya ɗaure ta, da ranar da aka sāke gwadawa.